Idan Jirgi Ya Zubar Da Mai A Ruwa, Wa Zai Biya?

Wani ɗan'uwana mai kwale-kwalen inji a Yawuri ya taɓa ce mini fargabarsa ɗaya ce a duniya, kada jirgin ya nitse jarinsa ya bi ruwa. Na ce masa, "To, Yaya, jarkokin fetur ɗin da kake lodawa fa? In sun fashe a inda masunta ke jefa taru, wa zai biya su?" Bai taɓa kawo wannan a ransa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Masu manyan jirage kan yi inshora iri biyu. Akwai ta gangar jikin jirgi da injinsa. Akwai kuma ta haƙƙin mutane, wato ɓarnar da jirgin ya jawo wa wasu, kuma a nan malalar mai take. Wannan ta biyun tana hannun ƙungiyoyin taimakon juna na masu jirage, kowa ya zuba nasa kason kamar asusun 'yan kasuwa, wanda tsautsayi ya faɗa wa a biya masa. Gamayyarsu ce ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na jimillar nauyin jiragen da ke ratsa teku.

Abin da ya faru a tsibirin Morishus har yau yana ci mini rai. Ranar 25 ga Yuli, 2020, jirgin dakon kaya na Japan mai suna Wakashio ya hau kan duwatsun murjani a kudu maso gabashin tsibirin. Babu kaya a cikinsa, sai man da yake sha, kusan tan 4,000. Kimanin tan 1,000 ya tsiyaye cikin ruwa. Jama'a suka fito da ganyen rake, wasu har da gashin kansu, suna cusawa a buhuna don tare baƙin mai kada ya iso gaɓa. Masunta suka jingine sana'a.

Da aka zo maganar diyya sai aka tarar da ƙulli. Babban asusun duniya na biyan ɓarnar mai, na yarjejeniyar 1992, tankokin dakon mai ya shafa. Shi kuwa Wakashio ya faɗa ƙarƙashin yarjejeniyar 2001 kan man da jirgi ke sha, wadda ta wajabta inshora ga duk jirgin da ya haura tan 1,000, amma iyakar abin da mai jirgi zai biya bai kama ƙafar na tankoki ba. A ganina wannan zalunci ne, domin kifin da mai ya kashe bai san daga wane irin jirgi ya fito ba.

Amurka ta ɗaure nata da kyau bayan haɗarin Exxon Valdez a Alaska a 1989. Dokarta ta 1990 ta ɗora kuɗin share mai a wuyan mai jirgi, ko da ɗan jirgin shaƙatawa ne, shi ya sa takardun inshorar jirage a can ke ware wa malalar mai sashe na musamman.

Kwale-kwalenmu na Yawuri da Baga ba su kai tan 1,000 ba, yarjejeniyar 2001 ba ta wajabta musu inshora ba. Saboda haka, mai jirgi, in za ka yi inshora, ka sa a karanta maka takardar layi-layi, ka tambaya ko ta haɗa da share mai da diyyar masunta. In babu, kada ka sa hannu sai an ƙara.