Yaƙi Da Sauro Da Ƙwarin Gida: Wayar Da Kai Ta Fi Fiya-fiya Araha

Da zarar damina ta kankama, cinikin maganin sauro yakan tashi a kasuwannin ƙasar nan, tun daga Mile 12 a Legas da Bodija a Ibadan har zuwa Dawanau a Kano. Igiyar leko da maganin feshi da kwalaben fiya-fiya duk sukan yi kasuwa, amma kuɗin da magidanta ke zubawa a kansu bai hana zazzaɓin cizon sauro cin dukiyar ƙasa ba.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 Nijeriya ce ke da kimanin kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da wannan cuta a duniya, da kuma kashi 31 cikin 100 na waɗanda ta kashe. A wurin ɗan kasuwa, wannan na nufin rumfa a rufe, yaran shago a kwance, ribar wata kuma ta tafi wajen sayen magani.

Babban abin da ma'aikatan lafiya ke son jama'a su fahimta shi ne cewa sauro a ruwan da ke kwance yake yin ƙwai, kuma a lokacin zafi mako ɗaya zuwa kwana goma sun isa ƙwan ya zama sauro mai cizo. Saboda haka wanda ke zubar da ruwan tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, yana yashe kwata, yana rufe randa da tanki kowane mako, ya katse haihuwar sauro ba tare da kashe ko sisi ba. Wannan darasi ya ƙara muhimmanci tun daga 2020, lokacin da aka gano wani sauro ɗan asalin Asiya mai suna Anopheles stephensi a Jihar Gombe, wanda ya fi son hayayyafa a tankunan ruwa na cikin birane.

Haka nan gidan sauro mai magani, wanda aka soma rabawa kyauta gida-gida a Kano a 2009, yakan yi kimanin shekaru uku yana aiki. Sai dai ba a rasa inda ake shinge lambu ko rufe kaji da shi, wato jarin gwamnati ya tafi a banza don rashin bayani.

Asarar da ta fi shafar 'yan kasuwa kai tsaye ta fito ne daga yin amfani da maganin gona a cikin gida da rumbu. Sinadarin dichlorvos, wanda ke cikin Sniper da yawancin haɗin fiya-fiya, guba ne mai ƙarfi, amma ana yayyafa shi a ɗaki don kyankyaso da kuɗin cizo, wasu kuma suna zuba shi a kan wake don hana ƙwari. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, bayan da aka riƙa samun wannan sinadari a cikinsa fiye da iyakar miligiram 0.01 a kowane kilo, kuma a 2016 ta tsawaita haramcin da shekaru uku. Laifin wasu 'yan tsiraru ya rufe wa kowa kasuwa. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar guba. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, yana toshe iska har ƙwarin da ke cikin waken su mutu, kuma ana iya sake amfani da shi muddin bai huje ba.

A nan ne ƙungiyoyin 'yan kasuwa ke da rawar takawa. Sarkin kasuwa da shugabannin layi suna da bakin da membobinsu ke saurare fiye da sanarwar rediyo. Idan suka tsayar da ranar yashe kwata kowane mako, suka hana zuba guba a kan abinci, suka kuma gayyato duba-gari ya yi bayani, kuɗin da za a kashe ba zai kai na jinyar yaron shago ɗaya ba.