Hazon Hunturu Da Ƙananan Jiragen Sama A Arewacin Kamaru

A ƙasashen Turai dusar ƙanƙara ce ke hana ƙaramin jirgin sama tashi a lokacin sanyi. Mu a nan Garwa, namu hunturun da ƙura yake zuwa. Daga Nuwamba zuwa Maris iska kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi ta lulluɓe mu, har wata rana ba a hango abin da ke nisan kilomita 1.

Babban jirgi yana da na'urorin da ke yi masa jagora, ga kuma ma'aikatan hukumar ASECNA suna magana da shi har ya sauka. Amma ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, irin wanda ke shawagi a kan gandun dajin Buba Njida, Benuwai da Faro, ko wanda ake ɗauko marar lafiya da shi daga ƙauye, galibi matuƙinsa da ido yake aiki. Shi ya sa ƙa'idar duniya ta tanadi cewa sai yana hango kimanin kilomita 5 a gabansa.

Yankinmu kuwa duwatsu ne. Filin jirgin Garwa bai kai mita 250 sama da teku ba, alhali duwatsun Mandara sun haura mita 1,400, na Alantika da ke iyakarmu da Nijeriya sun haura 1,800, dutsen Vokre kusa da Poli kuwa ya zarce 2,000. Cikin hazo, dutse da sararin sama launinsu ɗaya, sai an zo daf ake bambancewa.

Don haka ƙwararren matuƙi yakan duba rahoton yanayi kafin ya tayar da inji, ya ɗauki mai fiye da buƙata, ya tanadi filin da zai koma idan hanya ta rufe. Yakan kuma auna kaya, domin a tudu irin Ngaundare, musamman da rana, iska ba ta da kauri, jirgi mai nauyi ba ya saurin ɗagawa.

'Yan'uwa 'yan kasuwa, mun san ciwon rasa ranar kasuwa a Mubi ko Mbaibum. To, amma duk ranar da ɗayanmu ya shiga irin wannan jirgi matuƙi ya ce yau ba tashi, ko a rage buhu, kada mu matsa masa. Kasuwa za ta sake ci mako mai zuwa, rai kuwa guda ne. Allah Ya kiyaye hanya.