Mashin Jifa da Mashin Suka: Abin da Duwatsun Kagoro Suka Koya wa Mayaƙa

Kalma ɗaya Hausa ke amfani da ita, wato mashi, amma makamai uku ne a ƙarƙashinta, kuma kowanne da irin ƙasar da ta dace da shi. Tarihin Kudancin Kaduna ya nuna wannan bambanci sarai.

Na farko shi ne mashin jifa. Ba shi da nauyi, sandarsa siririya ce, kuma sau da yawa maƙera kan yi wa kansa kunnuwa don ya yi wuyar zarewa. Illarsa guda ce: da zarar ya bar hannu, mai shi ya rasa makami, shi ya sa mayaƙi kan riƙe biyu ko uku. Na biyu shi ne mashin suka, wanda ba ya barin hannu, kamar asigiri mai sandar ƙarfe. Na uku shi ne dogon mashi irin na sojojin Iskandar Mai Girma na Makidoniya, wanda tsawonsa kan kai mita 4 zuwa 6. Wannan ba ya amfani sai dakaru sun jeru kafaɗa da kafaɗa a shimfiɗaɗɗen fili.

A ƙarni na 19 ƙarfin Zazzau, da na masarautar Jama'a da ke ƙarƙashinta, ya dogara ne ga dawaki. Barde mai lifidi, riƙe da mashin suka, abin tsoro ne a fili, domin gudun doki ke ƙara wa tsinin ƙarfi. To amma a gindin duwatsun Kagoro doki ba ya samun wurin sukuwa, dogon mashi kuma sai ya sarƙe a kurmi. A nan makamin da ake saki daga nesa ne ke da rinjaye. Mutanen Kagoro sun dogara ga baka da kibiya mai dafi, suna fakewa a kogunan dutse, kuma ba su shiga ƙarƙashin masarautar ba har zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20. Maƙwabtansu na gabas a tsaunukan Filato, irin su Birom, sun yi suna wajen jifa da mashi daga bayan ƙananan dawakinsu: su jefa, su juya, su ɓace.

A kudancin Afirka kuwa, inda ake gwabzawa a buɗaɗɗen fili, Sarki Shaka na Zulu ya ɗauki akasin wannan hanya. Ya fifita gajeren mashin suka a kan na jifa, domin mayaƙansa su matsa kusa da abokan gaba.

A yau mashin jifa ya koma filin wasa. Na maza yana da nauyin giram 800, na mata giram 600. Jan Zelezny na ƙasar Cek ne ke riƙe da bajintar duniya ta mita 98.48 tun 1996. Julius Yego na Kenya, wanda ya koyi dabarun jifan ta kallon YouTube, ya zama zakaran duniya a 2015.

Akwai aiki biyu a gaban jami'an Abuja. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ke da gidan tarihi a Nok, na iya tattara sunan kowane irin mashi da amfaninsa a harsunan Tyap, Jju da Hyam, tun dattawan da suka san bambancin suna raye. Hukumar Wasanni ta Ƙasa kuma na iya kai mashin wasa da masu horarwa makarantun sakandare na Kafanchan, Zonkwa da Kwoi, yankin da mafarauta ke fitowa da kayansu na gado a bikin Afan na Kagoro kowace ranar 1 ga Janairu.