Maganin Tsinka Jini da Makarinsa

Gabatarwa

Mu da muka koyi Hausa a titunan Minna da kuma aji, mun saba jin ana cewa "maganin tsinka jini". Sunan yana da ruɗarwa, domin maganin ba ya mai da jini ruwa-ruwa. Abin da yake yi shi ne jinkirta daskarewar jini. Wannan maƙala za ta dubi yadda ake amfani da shi a aikin sauya bawul, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya.

Aiki ba tare da tsaga ƙirji ba

A Nijeriya an fara tiyatar buɗe zuciya a Inugu a 1974. A 2002 kuma likita Alain Cribier na birnin Ruwan a Faransa ya sanya sabon bawul ba tare da ya tsaga ƙirji ba. A wannan hanya akan zura siririn bututu ta jijiyar jini ta cinya har ya isa zuciya. Jini yana iya daskarewa a jikin bututun, gudansa ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka ake yi wa majiyyaci allurar hefarin.

Makari

Da an zare bututu, sai matsalar ta juya: ramin jijiya yana buƙatar jini ya daskare. A nan ake ba da furotamin, wanda tun asali daga maniyyin kifi ake samunsa. Miligiram 1 yana karya ƙarfin awo kusan 100 na hefarin. A hankali ake ba da shi, domin yana iya faɗar da bugun jini, musamman ga wanda cin kifi ke tayar masa da borin jini.

Wanda aka sa wa bawul na ƙarfe kuwa, yana shan wafarin har ƙarshen rayuwarsa. Makarinsa shi ne bitamin K, wanda ke cikin ganyaye irin su alayyafo da muke saya a Kasuwar Kure. Ba a hana shi ci ba, sai dai kada ya ƙara ko ya rage kwatsam.

Kammalawa

Ɗalibin harshe yakan zama tafinta a gadon asibiti. Idan ka ce wa dattijo "jininka za a tsinka", yana iya tsorata ya ajiye magani. Ka ce masa: "Baba, wannan zai hana jini yin guda, kuma likita na da makarinsa."