Ciwon ƙoda a Haɗejiya: binciken da ya kamata ya fara daga ƙaramin asibiti

Daga Haɗejiya ta Jihar Jigawa har Gashuwa ta Jihar Yobe, duk garuruwan da ke bin kogi, ba sai an yi wa mutum dogon bayani a kan ciwon ƙoda ba. Mutane da yawa sun san wani da ake yi wa wankin ƙoda, ko wanda aka yi wa karo-karo a masallaci saboda shi. Kowa kuma da abin da yake zargi. Wani ya ce ruwan sha ne, wani ya ce maganin feshin shinkafa da na ƙwari, wani ya ɗora laifin a kan ƙwayoyin ciwon jiki da manoma ke sha ba ƙa'ida ko jiƙe-jiƙen gargajiya. Likitoci kan ƙara da hawan jini da ciwon suga, waɗanda su ne kan gaba wajen lalata ƙoda a duniya. A Siri Lanka da Amurka ta Tsakiya an daɗe ana fama da wani ciwon ƙoda da ke kama manoman shinkafa da masu saran rake, kuma zafin rana da ƙarancin ruwa a jiki na cikin abubuwan da ake tuhuma a can.

Babban asibiti shi kaɗai ba zai iya tantance waɗannan zarge-zarge ba. Wanda ya isa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru da kumburin ƙafa da ƙarancin fitsari, galibi ciwon ya shekara da shekaru yana cin sa a ɓoye. Farkon labarin yana ƙauye, ranar da ya je ƙaramin asibiti da ciwon kai, aka auna jininsa aka ga ya ɗan hau, aka rubuta a rajista, ya tafi. Kuma a ƙa'idar likitanci ba a cewa ciwon ƙoda ya zama mai ɗorewa sai an ga alamarsa ta wuce wata 3. Ke nan sai an sake gwada mutumin nan. Wa zai iya nemo shi bayan wata 3? Malamin asibitin da ya san gidansu, ya san gonarsa, ya san bulaman garinsu.

A nan ne ake buƙatar gamayyar bincike ta ƙananan asibitoci. Asibitoci goma ko talatin su amince su riƙa yin tambaya ɗaya, su auna abu ɗaya ta hanya ɗaya, su rubuta shi iri ɗaya, sannan a tara sakamakon wuri guda tare da masana daga jami'a. Asibitin Guri kaɗai ba zai ga masu ciwon da yawan da za a ce an gano wani abu ba. Amma idan aka haɗa na ƙananan hukumomi 8 na masarautar Haɗejiya, wato Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kiri Kasamma, ana iya kwatanta mutanen fadama da na tudu, masunta da 'yan kasuwa, masu shan rijiya da masu shan burtsatse. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tunanin ba sabo ba ne. A 1961 wani likita mai suna Kerr White da abokan aikinsa sun yi lissafi da alƙaluman Amurka da Birtaniya. Suka ce a cikin manya 1,000, kimanin 750 kan yi rashin lafiya a wata, 250 su ga likita, a kwantar da 9, mutum 1 tak yake kaiwa asibitin jami'a. Amma a kan wannan mutum ɗayan ake rubuta yawancin littattafan koyar da likitoci. A Ingila ƙungiyar likitocin unguwa ta fara karɓar rahoton mako-mako daga asibitocin membobinta tun 1967, kuma da shi suke gane shigowar murar sanyi. Da korona ta zo a 2020, ta irin waɗannan asibitoci aka gwada magunguna a kan masu jinya a gida, aka gano cewa azithromycin, wanda mutane suka yi ta rububinsa, ba ya gaggauta warkewa. Gano cewa magani ba ya aiki ma riba ce, musamman ga mai sayar da buhun gero ya saye shi.

Jigawa kuwa ba baƙuwar bincike ba ce. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani babban aiki a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Kano. An yi feshi a ɗakuna, an raba magani ga jama'a, an ɗebi jinin dubban mutane a kai a kai. Aka gano cewa feshi da magani na rage cutar ƙwarai, amma ba su yanke yaɗuwarta ba, kuma da aka daina sai ta dawo. Littafin da aka buga a 1980 har yau masana na amfani da alƙalumansa. Sai dai aiki ne na masu zuwa da motoci da na'urori, su gama su tafi. A 'yan shekarun nan ma an yi wani a Kiyawa a kan ciwon haƙarƙarin yara, tare da ƙungiyar Save the Children da Jami'ar Ibadan. Abin da gamayya ta fi irin waɗannan da shi shi ne zama. Ma'aikatan suna nan kafin bincike, suna nan bayansa, kuma tambayar tana iya fitowa daga bakinsu.

To mene ne shiga ciki yake nufi ga jami'in lafiyar da ke riƙe da asibitin mazaɓa? Ba sai ya zama farfesa ba. Matakin farko shi ne rajista mai tsabta: shekarun mara lafiya na gaskiya ko mafi kusa da gaskiya, unguwarsa, sana'arsa, awon jini da aka yi da na'ura mai aiki, ba lambar da aka cike da ka a ƙarshen wata don rahoto ya tafi ba. Na san za a ce aikin ya yi yawa, kuma gaskiya ne. Mutum ɗaya ne ke duba marasa lafiya, ya yi rigakafi, ya taimaka ranar awon ciki, ya cike fom-fom na shirye-shirye barkatai. Saboda haka gamayyar da ta san abin da take yi ba ta ƙara masa shafi goma. Tambaya biyu ko uku take ƙarawa, da ɗan tsinken gwajin fitsari da ke nuna ko furotin na zuba, wanda shi ne ɗaya daga alamun farko na lalacewar ƙoda. Sauran aikin, wato gwajin jini da lissafi, na masu ɗakin gwaji ne da malaman jami'a, kamar na Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Bayero ta Kano. Hanyar shiga kuma ta ofis ce: ta hannun sashen lafiya na ƙaramar hukuma da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha, ba yarjejeniyar bayan fage da wani mai riƙe da jaka ba.

Kafin ya amince, akwai abin da ya kamata ya tambaya, ko da kuwa an yi masa alkawarin alawus da taron bita a otal. Wane kwamitin ɗa'a ne ya amince da binciken? Tun 2007 Najeriya na da kundin ƙa'idar binciken lafiya, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙarfafa shi. Ina za a kai jinin da aka ɗiba? Wa zai ga sunayen mutane? Idan gwaji ya nuna ƙodar wani ta fara taɓuwa, wa zai gaya masa, kuma ina za a tura shi? Wannan ta ƙarshe ita ce ma'aunina. Binciken da zai gano ciwo a jikin mutum ya bar shi da takarda kawai bai cancanci a buɗe masa ƙofa ba.

Jama'a ma suna da dalilin ɗari-ɗari. Ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, wanda ya kai ga shari'a da sulhu a 2009, kuma yana cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan inna a 2003. Don haka sanar da hakimi da dagaci da limami wajibi ne, amma bai wadatar ba. Izinin mai gari ba ya maye gurbin yardar mutum. Dole a yi wa kowa bayani da harshen da yake ji, Hausa ko Fulatanci ko Manganci ko Badanci, a gaya masa yana da damar cewa a'a kuma ba za a hana shi magani ba. Matar aure kan so ta shawarci maigida, a ba ta lokaci, amma yatsanta ne zai hau takardar, ba nasa ba.

Akwai kuma abin da sai ɗan ƙasa ya sani. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa a kwarin kogin Haɗejiya ta sauya, ciyawar kachalla ta toshe magudanai, ambaliya irin ta 2020 da 2022 kan yanke ƙauyuka daga gari na makonni sai da kwalekwale. Wanda ya tsara daga Abuja cewa za a sake gwada mutane a Satumba bai san ƙasar ba. Masunta kan bi ruwa, makiyaya kan tashi, matasa kan tafi cirani bayan girbi. Malamin asibitin Kiri Kasamma ya san watan da kowane rukuni yake gida, kuma wannan sani kaɗai ya isa ya ba shi kujera a wurin tsara aikin, da sunansa a jikin rahoton idan ya fito.

Ƙoda ba ita kaɗai ce tambayar ba. Akwai tsargiya a jikin yaran da ke wanka a magudanan noman rani, akwai gudawa bayan janyewar ruwa, akwai batun ko maganin kariya daga zazzaɓi da ake raba wa 'yan ƙasa da shekara 5 da damina yana isa rugage da tungayen masunta. Gamayyar da aka kafa don tambaya ɗaya, da ma'aikatan da suka saba da auna abu daidai, ita za ta ɗauki ta biyu da kuɗi kaɗan.