Aikatau "Danganta": Ma'anarsa da Amfaninsa

Kalmar "danganta" ta samo asali ne daga "dangi", kamar yadda "sabunta" ta fito daga "sabo". Wanda ya danganta abu, ya nemo masa 'yan'uwansa ke nan, watau ya nuna inda ya fito da abubuwan da ke kewaye da shi. Bahaushe bai cika sakin jiki da baƙo ba sai ya ji ɗan gidan wane ne, kuma haka ya kamata a yi wa magana ko adadi.

Ma'anar kalmar takan sauya bisa ga abin da ya biyo ta. In an ce an danganta waƙa ga wani malami, ana nufin an jingina ta gare shi, ko da ba a tabbatar shi ya tsara ta ba. In kuwa aka ce tsadar gero ta danganta da damina, to dogaro ake nufi. Amma amfanin da ya fi shafar ɗalibi da ma'aikaci shi ne danganta abu da lokacinsa da wurinsa, domin a fahimce shi yadda yake.

A nan ne ake yawan rikita ta da "kwatanta". Mai kwatantawa yana jera abu biyu ne ya auna su, alhali awon ba ya inganta sai an fara danganta kowanne da muhallinsa. Alal misali, a shekarar 1973 Nijeriya ta bar fam ta koma naira, fam ɗaya ya zama naira biyu. Akawun da ya ɗauko takardar albashin 1972 ya ajiye ta kusa da ta 1973, bai danganta su da wannan canji ba, zai rantse an ninka wa kowa albashi, alhali ko kwabo bai ƙaru ba.

Na biyun ya fi wannan haɗari, domin yana iya shafa wa mutane laifin da ba su yi ba. A 1991 aka cire Jigawa daga Jihar Kano, garuruwa irin su Haɗejia da Gumel da Kazaure suka tafi da makarantunsu da asibitocinsu. Duk wanda ya duba yawan makarantun Kano kafin wannan shekara da bayanta zai ga raguwa mai yawa. In ya rubuta a rahoto cewa ilmi ya ja baya, babu ƙarya a alƙalumansa ko ɗaya, amma jami'an da za a tuhuma ba su rufe ko aji guda ba.