Zazzaɓin da Ya Bi Likitoci Biyu a Kano

 Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano aka kai wata mai juna biyu a ƙarshen Disambar 2019, jikinta ya yi tsanani. Likitoci suka yi mata aiki, aka kwantar da ita a ɗakin kulawa ta musamman. Ba ta tashi ba.

Bayan 'yan kwanaki, wata matashiyar likita da ta taimaka wurin tiyatar ta kwanta da zazzaɓi. Sai kuma wani babban likitan allurar barci da ya kula da matar. A Janairun 2020 duka biyun suka riga mu gidan gaskiya, gwaji kuma ya nuna zazzaɓin Lassa ne. Gwamnatin Kano ta shiga bibiyar ɗaruruwan mutanen da suka yi hulɗa da su, kowa na jiran kwana 21 su cika, domin iyakar lokacin da cutar ke ɓuya a jiki ke nan.

Ba sakaci ya kamata a fara zargi ba. Lassa na shigowa da kamannin maleriya ko taifot, kuma ga mai tsohon ciki ta fi muni. A ɗakin kulawa ta musamman kuwa sai an taɓa majinyaci: a zura bututun numfashi, a zuƙe majina, a sa robar fitsari, a ɗebi jini. Ta waɗannan kafofi ƙwayar cuta ke shiga jikin mai rauni, ta nan kuma take fita ta kama mai jinya. Ɓera ne tushenta, amma a asibiti jini da ruwan jikin mutum ke yaɗa ta.

Arewa ta taɓa ganin haka. A 1969 Laura Wine, ma'aikaciyar jinya a garin Lassa na ƙasar Borno, ta rasu a asibitin mishan na Jos, Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta bi ta. A farkon 1970 cutar ta sake ɓarkewa a wannan asibiti. Dakta Jeanette Troup, likita a asibitin, ta yanke a yatsa tana binciken gawar majinyaci don gano abin da ke kashe mutanenta, ta rasu a watan Fabrairu.